Wa Ya Ɓatar Da Ganɗoki?

Kafin mu shiga maganar da ta kawo mu, bari mu ba ku labarin abin da ya tunzura mu har muka ɗauki alƙalami.

A zangon karatun da ya wuce ne aka zuba sunayen littattafan ɗakin karatun makarantar da muke koyarwa a cikin kwamfuta, domin a huta da tsohon rajistan nan da ya gama yayyagewa. Wani matashi mai ƙwazo ne ya tsara manhajar, malamin da ke kula da ɗakin kuma ya zauna ya shigar da sunayen duka da manyan baƙaƙe, kamar yadda aka saba gani a bangon littafi. Da yake malamin Hausa ne, bai bar ƙugiya ko ɗaya a baya ba. Ran nan sai muka aiki wata ɗaliba 'yar aji biyar ta aro Ganɗoki na Bello Kagara. Yarinya ta rubuta sunan daidai yadda muka koya mata, babban baƙi a farko, sauran ƙanana, ɗ ɗinta da ƙugiyarta. Kwamfuta ta ce babu wannan littafi. Ta gwada Ruwan Bagaja ya fito, ta gwada Shaihu Umar ya fito, Jiki Magayi ma ya fito. Ta nemi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, aka sake ce mata babu. Alhali kuwa ga littattafan nan biyu a kan kanta, har ƙura ta fara hawansu.

Da aka kira matashin nan ya duba, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai abin mai sauƙi ne. A cire wannan 'yar lanƙwasar da ke kan d da k, kowa ya huta." Abin takaicin shi ne, malaman da ke wurin da dama sun gyaɗa kai, wai shawara ta yi. To, da wannan shawara muke faɗa a yau, domin ita ce muke ji a bakin masu buga littattafai, da masu shagunan buga takardu, da ma wasu daga cikinmu marubuta.

Tun daga firamare muke koya wa yara abu biyu. Na ɗaya, Ƙ da ƙ harafi ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta su, kamar mutum ne da babbar riga da kuma sa'ad da ya tuɓe ta. Na biyu, k da ƙ haruffa biyu ne, ba su haɗa komai ba sai kama. Yanzu an wayi gari manhajoji da yawa sun raba abin da yake ɗaya, mu kuma don mu faranta musu rai muna neman haɗe abin da yake biyu. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Domin kada a ce muna zagin abin da ba mu sani ba, bari mu bayyana yadda abin yake a cikin cikin na'urar. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Duk harafin da ka danna, akwai wani jadawali da ke cewa wannan harafi lambarsa kaza. Jadawalin da ya zama uba ga sauran shi ne wanda Amurkawa suka fitar a 1963, suka ƙara masa ƙananan baƙaƙe a 1967, suna rubuta sunansa ASCII, suna furta shi Aski. Gurbi 128 gare shi. A cikinsa babban A lambarsa 65, ƙaramin a 97. Babban D 68, ƙaramin d 100. Babban K 75, ƙaramin k 107. Duk wanda ya ɗan yi lissafi zai ga tsakanin kowane babba da ƙaraminsa 32 ne, daga A har Z. Da gangan aka jera su haka. Saboda haka idan mai tsara manhaja yana son na'ura ta ɗauki KANO da Kano da kano a matsayin kalma ɗaya, sai ya ce mata, duk lambar da kika gani daga 65 zuwa 90 ki ƙara mata 32, sannan ki gwada. Dabara ce mai kyau, mai sauri, kuma ta wadatar da mai Ingilishi, tun da baƙaƙensa 26 ne. Ba mu ga laifin Amurkawa ba, don kowa rigar da ta dace da wuyansa yake ɗinkawa. Amma sunan jadawalin ya dace da abin da ya yi mana, domin shi ya yi wa haruffanmu aski.

Ga abin da ya faru da Ganɗoki. Malam ya shigar da GANƊOKI, yarinya ta nemi Ganɗoki. Na'ura ta bi na malam harafi harafi tana ƙanƙantawa, G ta koma g, A ta koma a, N ta koma n. Da ta iso kan Ɗ ta ga lambarsa ba ta cikin 65 zuwa 90, sai ta tsallake shi ta bar shi yadda yake. Ta ƙare da ganƊoki a hannun dama, ganɗoki a hannun hagu, ta ce waɗannan ba ɗaya ba ne. Ruwan Bagaja ya tsira ne kawai don babu ƙugiya a sunansa.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai wannan masifa ta sama. Turawan Yamma sun fara kuka tun da wuri, aka yi musu jadawali mai gurbi 256 a 1987, wanda ake kira Latin-1, ya ɗauki baƙaƙen Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. A nan ma an kiyaye tazarar 32 ga mafi yawansu, É na 201, é na 233. Duk da haka dabarar ba ta ishe kowa ba. Jamusawa na da harafin ß wanda idan za a girmama shi yakan koma SS, wato harafi ɗaya ya haifi biyu. Girkawa na da babban Σ guda ɗaya mai ƙanana biyu, σ a farko ko tsakiyar kalma, ς a ƙarshenta. Na Turkiyya ya fi na kowa ban mamaki. Tun da suka koma rubutun boko a 1928 suke da i iri biyu, mai ɗigo da maras ɗigo. Babban i a wurinsu İ ne da ɗigonsa a ka, shi ya sa suke rubuta İstanbul, ƙaramin I kuwa ı ne ba ɗigo. Manhajar da ta mayar da I ya zama i ta yi daidai a Landan, ta yi kuskure a Ankara. Darasin da ke nan shi ne, ba a sanin babban harafi da ƙaraminsa ta hanyar lissafi, sai an tambayi masu harshen.

To, me waɗannan mutane suka yi? Ba mu taɓa jin Baturke ya ce a goge ɗigon nan kowa ya huta ba. Sun tsaya kai da fata har aka rubuta musu ƙa'ida ta musamman a cikin tsarin da duniya ke bi. Jamusawa kuwa har babban ẞ suka sa aka ba wa lamba a 2008, hukumar ƙa'idojin rubutunsu ta amince da shi a 2017. Mu ne kaɗai, da na'ura ta yi tuntuɓe da harafinmu, sai mu ba na'ura haƙuri mu hukunta harafin.

Haruffan nan namu ba jiya aka same su ba. A farkon rubutun boko ɗigo ake ɗigawa a ƙarƙashin b da d da k, ko a rataya musu waƙafi a gefe. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da masu ƙugiya. Gasar 1933 da ta haifi Ganɗoki da Ruwan Bagaja, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, duk 'ya'yan wannan zamani ne. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun zauna a kan daidaita rubutun Hausa, ba su kori ƙugiya ba. Mu da muka yi karatu a zamanin tafireta mun ga yadda mai buga takardar jarrabawa yakan gama aikinsa, sannan malami ya bi ta layi layi da biro yana lanƙwasa kawunan haruffa. Mutanen da ba su da komai sai biro sun riƙe amanar nan. Ashe mu da muke da waya a aljihu ne za mu yar da ita?

Da kwamfuta ta shigo ƙasar nan babu gurbin haruffanmu a jadawalin da ta zo da shi, sai wasu masu himma a jami'o'inmu suka yi dabara. Suka zana samfurin haruffa na Hausa, suka ari gurbin waɗansu alamomi da ba mu cika amfani da su ba. A wani samfurin, in ka danna q sai ƙ ya fito, x ya ba da ɗ, v ya ba da ɓ. A wani kuma alamomin baka aka ara. Allah Ya saka musu da alheri, domin da wannan dabara aka buga ɗaruruwan littattafai da kundayen digiri. Sai dai riga ce kawai aka canza, lambar da ke ƙasa tana nan ta q ko ta baka. Shi ya sa da zarar fayil ya bar na'urar da ke da samfurin, sai ka ga qasa da xaya, ko }asa da ]aya. Na'ura kuma ba ta ɗauki } a matsayin harafi ba balle ta san yana da babba.

Magani na gaskiya ya zo ne da jadawalin Yunikod, wanda aka fara fitarwa a 1991 da nufin kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa shi kaɗai. Yau yana ɗauke da alamomi fiye da 150,000, kuma tun farkon shekarun 1990 namu suna ciki. Ga lambobinsu, ya kamata kowane marubucin Hausa ya taɓa ganinsu ko sau ɗaya. Ƙ 408, ƙ 409. Ƴ 435, ƴ 436. Ɓ 385, ɓ 595. Ɗ 394, ɗ 599. Ku duba da kyau. Tsakanin Ƙ da ƙ tazarar 1 ce, tsakanin Ɗ da ɗ 205, tsakanin Ɓ da ɓ 210. Babu 32 ko ɗaya. Wanda ya nace sai ya cire 32 daga lambar ƙ, zai faɗa kan 377, wato Ź na mutanen Folan. Saboda irin wannan ne masu Yunikod suka wallafa wani jadawali na musamman, kyauta, wanda ya jera kowane babban harafi da ƙaraminsa. Mai tsara manhaja ba ya bukatar ƙirƙiro komai, dubawa kawai zai yi, kuma manyan harsunan tsara manhaja na yau sun zo da shi a cikinsu.

In haka ne, me ya sa har yanzu Ganɗoki ke ɓacewa? Saboda tsohuwar dabarar tana nan kwance a cikin kayan aiki da yawa, kuma ita ce ke fara zuwa hannu. Misali, akwai wata 'yar manhajar ajiye bayanai mai suna SQLite wadda ke cikin wayoyin Android da iPhone. Masu ita sun faɗa a fili cikin bayaninsu cewa in ba a ƙara mata wani abu ba, baƙaƙen Aski kaɗai take iya gwadawa ba tare da kula da girma ba. Ba su ɓoye ba, sun kuma nuna abin da za a ƙara. Yaronmu da ya koyi sana'ar daga littattafan Ingilishi, ya gwada aikinsa da kalmomin Ingilishi, ya ga komai lafiya, ina zai san akwai rami? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mu masu harshen ba mu nuna masa ba, babu Ba'amurken da zai taso ya nuna masa.

Akwai kuma rikici na biyu, wanda ke tasowa idan jadawali biyu suka gamu. Hanyar da aka fi bi wajen ajiye rubutun Yunikod ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan hanya baƙaƙen Ingilishi lamba ɗaya ɗaya suke ci, namu masu ƙugiya kuwa biyu biyu. Ana ajiye ƙ da 198 da 153 a jere. Idan manhajar da ta buɗe fayil ɗin ta zaci da tsohon jadawalin Windows-1252 aka rubuta shi, sai ta karanta kowace lamba ita kaɗai, 198 ta ba da Æ, 153 ta ba da ™. Wannan ne asalin Æ™asa da kuke gani a shafukan intanet a maimakon ƙasa, da É—aya a maimakon ɗaya. Ba aljanu ba ne. Mafi muni, idan irin wannan manhaja ta ce za ta ƙanƙanta baƙaƙe, sai ta ƙara 32 a kan 198 tana zaton Æ ne, ta karya rabin harafin, ya zama ko an dawo da fayil ɗin gidansa ba ya karantuwa. Ƙa'idar a nan ba ta da wuya. Kafin a gwada rubutu biyu, a tabbata da wane jadawali aka rubuta kowanne, a mayar da su duka Yunikod, a ƙanƙanta su da jadawalin Yunikod, sannan a gwada. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, kamar mai auna hatsi ne da tiya biyu da ba girmansu ɗaya ba, yana rantsuwa an cuce shi.

Yanzu bari mu juyo gida, domin laifi tudu ne. Ku shiga intanet ko ku buɗe fayilolin da membobinmu ke aiko wa mujallar nan, ku ƙirga yadda ake rubuta sunan littafi ɗaya. Akwai Ganɗoki, akwai Gandoki, akwai Gand'oki, akwai Ganxoki, akwai Gan]oki, ga kuma GanÉ—oki. Shida ke nan, kowanne kuma da na manyan baƙaƙe, sha biyu. Ko mai tsara manhajar ya fi kowa iyawa a duniya, ɗaya kaɗai daga cikin shidan zai iya haɗawa da babbansa ya ba ka abin da Bello Kagara ya rubuta. Sauran biyar ɗin aikin hannunmu ne ko sakacinmu. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Mun san amsoshin da ake bayarwa, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu na cewa ai Bahaushe zai gane daga ma'anar jimla. Wane Bahaushe? Wanda ya riga ya iya, shi zai gane. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san yaron da ke koyon karatu yakan karanta abin da ya gani ne. Ka rubuta masa an yi fada a fada, ka ce ya faɗa maka wanne ne rigima wanne ne gidan sarki. Baƙi da baki, ƙura da kura, saƙa da saka, ƙafa da kafa, ɗa da da, duk ƙugiya ce ta raba su. Wanda ya rubuta cewa mahauci ya sa wa mai saye ƙashi a cikin nama, in ya cire ƙugiya ya san abin da ya sa masa. Sa'an nan akwai Bayarabe ko Bature da ke koyon harshenmu daga littattafanmu, da jikokin Hausawan Kumasi da na Sudan waɗanda Hausar littafi ce za ta gyara musu ta baki. Su wa zai gaya musu?

Wasu kuma na cewa babu haruffan a na'urarsu. Wannan uzuri ya yi aiki a 1995, yau kam ya mutu. Windows na da allon rubutun Hausa a cikinsa, zaɓa kawai ake yi. Gboard na wayar Android na da Hausa. Akwai Keyman, kyauta, na kwamfuta da na waya. Marubucin da ya iya sauko da manhajar kallon ƙwallo a wayarsa, bai isa ya ce mana ya kasa sauko da haruffan da yake cin abinci da su ba.

Akwai masu cewa wannan aikin injiniyoyi ne, marubuci ina ruwansa da lambobi. Ruwansa kuwa har wuya. Littafin da ka buga kwafi dubu a Kano ko Zariya, bayan shekara ashirin da wuya a sami goma. Abin da zai rage shi ne wanda ya shiga na'ura, kuma a cikin na'ura abin da ba ya fitowa idan an neme shi daidai yake da abin da babu. Ɗalibin da zai yi nazarin yadda marubutan zamaninmu suka yi amfani da kalmar ƙauna zai sa na'ura ta tattaro masa ne. Idan ta tsallake duk inda kalmar ta zo a farkon jimla da babban Ƙ, ta kuma tsallake duk wanda ya rubuta qauna ko k'auna, to nazarin ya karkace, kuma wanda aka tsallake an binne shi da ransa. Hatta na'urorin fassara da ake ta yayi yanzu daga rubutunmu suke koyon Hausa. Abin da muka shuka shi za su girbe su sayar wa 'ya'yanmu.

Wani malami ma ya ce mana ai ajami ba shi da babba da ƙarami kuma kakanninmu sun rayu da shi. Gaskiya ne, kuma muna girmama ajami. Amma boko muka zaɓa mu buga littattafan nan da shi, shi kuwa boko da babba da ƙarami ya zo. Ba a shiga kasuwa a ce ba a son awonta.

Za mu yarda da abu ɗaya domin adalci. Idan mai nema ya rubuta Gandoki ba ƙugiya, na'ura ta yi masa sassauci ta nuna masa Ganɗoki ta ce ko wannan kake nufi, wannan taimako ne, muna maraba da shi. Sassauci a wajen nema daban, ɓarna a wajen ajiya daban. Abin da aka ajiye dole ya zauna da ƙugiyarsa, domin daga ɗ ana iya sauka zuwa d a kowane lokaci, amma daga d babu na'urar da za ta tabbatar maka ɗ aka nufa.

Kafin mu rufe, akwai alhamza, wadda ita ma tana cikin wannan shari'a. Akwai manhajojin jera sunaye da ke da umarnin girmama farkon kowace kalma. Da yake sun ɗauki alhamza a matsayin alamar da ke raba kalmomi, sai su mayar da Sa'adu Zungur ya zama Sa'Adu, Mu'azu Haɗeja ya zama Mu'Azu. Duk malamin da ya taɓa karɓar jerin sunayen ɗalibai daga na'ura ya ga Rabi'U da Asma'U. Ban da haka, alamar kanta kala kala ce a cikin Yunikod. Akwai miƙaƙƙiya mai lamba 39, akwai lanƙwasasshiya mai lamba 8217, akwai mai lamba 700 wadda ita aka ware a matsayin harafi. A ido kusan ɗaya suke, a wurin na'ura uku ne. Ga kuma 'yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴaƴa inda mu a Nijeriya muke rubuta 'ya'ya. Harshe ɗaya, kalma ɗaya, amma wanda ya nema da rubutun Maraɗi ba zai ga na Katsina ba, sai in an koya wa manhajar cewa ƴ da 'y abu ɗaya ne. Wa zai koya mata in ba mu ba?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da membobinta da abubuwa biyar. Na farko, kowane marubuci ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa da kwamfutarsa a wannan mako, ya daina q da x da v, ya daina rataya waƙafi a bayan k. Na biyu, editocin mujallar nan su rubuta a shafin farko cewa da haruffan Yunikod ake karɓar rubutu, wanda bai iya ba a nuna masa a taron wata, abin ba ya cin minti goma. Na uku, duk mai tsohon fayil da aka buga da samfurin aro ya sa a juya masa shi tun na'urar da ke karanta shi tana da rai, kuma a bi shi da ido bayan an juya, domin in an ce kowane v ya koma ɓ, sunayen Turawa da ke ciki ma za su tafi. Na huɗu, ƙungiya ta zauna da masana harshe na jami'o'inmu da na Nijar a tsayar da alhamza ɗaya da kowa zai riƙa dannawa. Na biyar, duk wanda za a ba aikin tsara manhaja ta makaranta, ko ta ɗakin karatu, ko ta kamfanin ɗab'i, a yi masa jarrabawa kafin a biya shi. A shigar da ƘASA da ƊAKI da ƁARAWO da ƳAƳA, a neme su da ƙananan baƙaƙe. A shigar da baƙi da baki, a ga ko ta ajiye su a matsayin kalmomi biyu. A ba ta sa'adu ta girmama farkonsa. A ba ta Ɗahiru da Dauda da Zubairu ta jera, a ga ko za ta jefa Ɗahiru can bayan Zubairu saboda lambarsa ta fi girma. In ta faɗi ɗaya, aiki bai ƙare ba.

Ku kuma 'ya'yanmu masu wannan sana'a, ba faɗa muke yi da ku ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matashin nan namu, da muka ƙi yarda a taɓa ƙugiya ko ɗaya, ya tafi yana gunaguni. Washegari da la'asar sai ga shi ya dawo, ya ce ashe layi kaɗan ne zai canza. Muka kira yarinyar ta sake rubuta Ganɗoki, ya fito. Ta rubuta Iliya Ɗan Maiƙarfi, ya fito. Da mun bi shawararsa ta farko, da yanzu akwai ɗakin karatu guda a ƙasar Hausa da ke koya wa yara cewa sunan littafin Gandoki ne, kuma da hannun malaman Hausa aka yi.

Wanda yake ganin mun yi kuskure, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya kawo hujjarsa a fitowa ta gaba. Sharaɗinmu ɗaya ne, ya rubuto ta da ƙugiya. Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalam.